Ina Jin Kiran, Amma Ban San Daga Ina Ya Fito Ba

Ni mutumin Aliero ne ta jihar Kebbi, amma mafi yawan shekarun girmana a Legas na yi su. Ina zaune da iyalina a Agege, kuma a kasuwar Mile 12 nake neman abincina, inda nake karɓar albasa daga gida ina sayar wa masu sari. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na lura cewa idan aka ce mutum ya samu matsalar ji, abin da kowa yake ɗauka shi ne sauti ya rage masa ƙarfi, saboda haka da zarar an ɗaga murya an gama taimaka masa. Raguwar ƙarfin sauti gaskiya ce, amma ba ita ce ta fi wahalar da ni ba. Abin da ya fi wahalar da ni shi ne in ji sauti sarai, in gane ko na mene ne, amma in kasa sanin ɓangaren da ya fito, kuma a gari irin Legas wannan ba ƙaramin rashi ba ne.

Kunnena na hagu ne ya fara. Na kwanta lafiya, da asuba na tashi na ji shi a toshe, da wata ƙara siririya a cikinsa wadda ba ta yankewa. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce daudar kunne ce ko kuma mura, kuma a wani shagon magani da ke kusa da mu aka ba ni maganin ɗigawa ba tare da an leƙa cikin kunnen ba. Kafin in isa hannun likitan kunne, hanci da maƙogwaro, makonni sun shuɗe. Ya duba bai ga dauda ba, bai ga ruwa ba, dodon kunnen kuma lafiyarsa ƙalau. Ya gaya mini cewa matsalar tana can ciki, a wani sashe mai siffar katantanwa inda ake mayar da girgizar sauti ta zama saƙon da jijiya take kai wa ƙwaƙwalwa, kuma irin wannan faɗuwar ji ta farat ɗaya cuta ce ta gaggawa, wadda akasari ba a gano musabbabinta, kuma maganinta ya fi yin tasiri idan an fara shi a cikin makonni biyun farko. An ba ni maganin duk da haka, an yi mini hoton kai don a tabbatar babu wani ƙari a kan jijiyar, wani abu kaɗan ya dawo, sauran kuma ya tafi. Gwajin da aka yi mini a wani ƙaramin ɗaki da ƙarar waje ba ta shiga, inda ake sa wa mutum abin sauraro a kunne yana danna maɓalli duk lokacin da ya ji ƙara, ya nuna wani abin da ban zata ba, wato kunnen dama ma ya daɗe yana rasa siraran sautuka a hankali, kuma likitan ya danganta hakan da shekarun da na yi a kusa da janareto da injinan markaɗe da hon ɗin manyan motoci.

Daga wannan lokaci duniya ta koma ɓangare ɗaya. Kusan duk abin da ya yi ƙara, sai in ji kamar daga dama ya fito. Idan wayata ta yi ƙara a cikin ɗaki, sai in yi ta juyawa ina ɗaga matashi da sallaya alhali tana kan tebur a haguna. Idan na kira mai ɗakina na ce, “Ina kike?” takan amsa da cewa, “Ga ni nan, Alhaji,” sai in nufi tsakar gida alhali tana madafa. A da, idan asuba ta yi a Agege, inda masallatai suke kusa da juna, ina kwance nake bambance ladaninmu da na layin baya da na wajen titin jirgi, saboda kowanne da ɓangaren da muryarsa take zuwa. Bayan wannan lalura sai duk kiraye-kirayen suka haɗu a wuri guda a gefen kaina na dama, ban san na kusa ba, ban san na nesa ba.

Wanda ya fi yi mini ciwo a rai shi ne sallama. Mutum zai yi mini sallama daga hagu, in ji muryar, in waiwaya dama, in ga babu wanda yake kallona, in ci gaba da tafiya ina zaton da wani ake. Sai da wani dattijo daga cikin abokan cinikinmu ya tare ni ya ce, “Alhaji, ko mun yi maka wani laifi ne? Jama’a suna cewa ka daina amsa gaisuwa.” Mutumin da ya yi shekaru yana zaman mutunci da jama’a ya san nauyin wannan magana. Na yi masa bayani, ya yi salati ya ba ni haƙuri, amma na san akwai waɗanda suka riga suka yanke hukunci a zuciyarsu ba su tambaya ba.

A kasuwa kuwa abin ya taɓa sana’ata kai tsaye. Duk wanda ya san Mile 12 da safe, lokacin da motocin tumatir da albasa da tattasai suke sauke kaya, ya san cewa ba a yin ciniki a cikin shiru. Mai saye yana taya kaya a gabanka, yaronka yana ƙirga buhuna a gefe, ’yan dako suna ihun a ba su hanya, direba yana ja da baya da mota yaransa suna buga mata jiki. Mai kunne biyu lafiyayyu yana iya tsinto muryar mai sayen daga cikin wannan hayaniya ba tare da ya san yana wani aiki ba, domin ƙwaƙwalwarsa ta ajiye kowace murya a wurinta. Ni kuwa duk sun narke sun zama abu ɗaya, kamar ruwan sama a kan rufin kwano. Ina ganin bakin mutum yana motsi, ina jin ƙara, amma in ware abin da ya ce game da farashi ya zama aikin da yake gajiyar da ni tun kafin azahar. Sau da yawa ɗan dako mai tura baro ya yi ta ihu a bayana, ni kuma in matsa zuwa ɓangaren da yake tahowa, domin kunnena ya gaya mini yana ɗaya ɓangaren.

Na fara samun natsuwa ne ranar da ma’aikaciyar gwajin ji ta zaunar da ni ta yi mini bayanin abin da yake faruwa, bayan na ce mata ina tsoron ko ƙwaƙwalwata ce ta fara taɓuwa. Ta ce kunne ɗaya ba ya sanin ɓangare, ƙwaƙwalwa ce take gane shi ta hanyar gwada abin da kunnuwa biyu suka kawo mata. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a cikin sakan ɗaya a iska, saboda haka idan ya taso daga hagu yakan riga isa kunnen hagu kafin na dama, da tazarar da ko a mafi girmanta ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 na sakan ba. Wannan ’yar tazara ita ce ƙwaƙwalwa take aunawa, musamman a sautuka masu kauri irin rugugin injin mota, waɗanda girgizarsu ba ta wuce kimanin 1,500 a sakan ba. Siraran sautuka kuma, irin usur ko ƙarar makullai, kai ne yake tare su ya yi wa kunnen da ke nesa inuwa, har bambancin ƙarfi tsakanin kunnuwan biyu ya iya kai desibel 20, wato ma’aunin da ake auna ƙarfin sauti da shi. Daga baya na karanta cewa wani masanin kimiyya na Ingila, Lord Rayleigh, ya bayyana waɗannan hanyoyi biyu tun a 1907. Akwai kuma hanya ta uku, wadda ita ce ta fi ba ni mamaki: lanƙwashe-lanƙwashen da ke fatar kunne ta waje suna sauya siraran sautuka gwargwadon inda suka fito, kuma da wannan sauyi ne mutum yake bambance gaba da baya, da sama da ƙasa. Da na ji haka sai na gane halin da nake ciki. Kunnen hagu yana kawo saƙo mai rauni, don haka ƙwaƙwalwa take yanke cewa komai daga dama yake, na dama kuma ya rasa siraran sautukan da ake bambance gaba da baya da su.

Kafin in kai ga na’urar da ta dace, wani ɗan uwa mai kyakkyawar niyya ya sayo mini wata ’yar na’urar ƙara sauti a kasuwa, irin wadda ake sayarwa ba tare da an gwada kunnen mutum ba. Ta ƙara wa komai ƙarfi daidai wa daida, har da abin da nake ji da kyau tun asali, saboda haka hon ɗin danfo, wato ƙananan motocin haya na Legas, ya koma azaba, magana kuma ba ta ƙara fitowa ba. Ina ganin irin waɗannan na’urori suna cutar da mutane ta hanyar da ba a lura da ita, domin wanda ya gwada ta ya sha wahala yakan yanke ƙauna daga na’urar ji gaba ɗaya, ya ce ai ya gwada ba ta aiki.

Na’urar gaskiya, wadda ake saita ta da kwamfuta bisa sakamakon gwajin kowane kunne, daga waje ake shigo da ita, kuma farashinta yana bin dala. Da farko guda ɗaya na iya saya, aka sa mini a hagu. Ranar da na fara sa ta na ji takun takalmina da ƙarar takarda a wannan ɓangaren, har idona ya kawo ruwa. Amma batun ɓangare bai daidaita nan take ba. Wani sautin ya koma hagu fiye da kima, wani ya tsaya a dama, domin kunne ɗaya yana ji ta cikin na’ura wadda take sarrafa sautin kafin ta sake shi, ɗayan kuma yana ji kai tsaye da raunin da yake da shi. Ma’aikaciyar ta ce in yi haƙuri in riƙa sa ta tun daga safe har dare, ba sai lokacin da nake son jin magana kaɗai ba, saboda ƙwaƙwalwa tana sake koyon awonta ne daga abin da ake ba ta kullum. Haka kuwa aka yi, a hankali hagu ya koma hagu. Bayan kakar albasa ta yi kyau na tara kuɗi na sayi ta biyu, irin wadda take magana da ’yar uwarta ba tare da waya ba.

Wannan magana tsakanin na’urorin biyu tana da dalili, kuma ya kamata duk mai shirin saye ya san shi. Na’urar ji ba ta ƙara wa dukkan sauti ƙarfi daidai. Takan ƙara wa mai rauni da yawa, ta ƙara wa mai ƙarfi kaɗan, don kada ya cutar da kunne. Idan kowace na’ura tana yin wannan lissafi ita kaɗai, to wadda take nesa da sautin za ta ɗaga shi sosai, wadda take kusa ta ɗaga shi kaɗan, sai bambancin ƙarfin da ƙwaƙwalwa take dogara da shi ya ragu. Idan suna sanar da juna abin da suke yi, sukan fi kiyaye wannan bambanci. Wannan ɗaga sauti mai rauni shi ne kuma ya sa awon nisa yake rikice mini har yanzu, domin mutumin da yake magana a can ƙarshen rumfa nakan ji shi kamar yana tsaye a kafaɗata.

Da na’urori biyu, hagu da dama sun dawo mini gwargwadon abin da zan iya rayuwa da shi. Ina waiwayawa daidai idan an yi mini sallama, kuma ina iya bin maganar mai saye a kasuwa idan na fuskance shi, ko da yake ba kamar da ba. Gaba da baya kuwa ba su dawo ba. Nawa irin waɗanda ake ratayawa a bayan kunne ne, kuma ’yar ƙofar da suke ɗaukar sauti da ita tana saman kunnen, wato sautin yana shiga na’urar tun kafin ya bi ta lanƙwasar fatar kunne. An gaya mini cewa ƙananan da ake cusawa can cikin ramin kunne sun fi barin fatar ta yi aikinta, amma raunin kunnena na hagu ya fi ƙarfin irinsu. Dabarar da aka koya mini, wadda ta zame mini jiki, ita ce in ɗan juya kaina idan na ji sauti. Idan na juya dama kuma sautin ya ƙaru a kunnen hagu, to yana gabana, idan kuma a kunnen dama ya ƙaru, yana bayana. Kowane mai ji yana yin haka ba tare da ya sani ba, ni kuwa da niyya nake yi.

A kan titi ne wannan saura yake da haɗari. Na’urorin suna da wani tsari da yake mai da hankali ga abin da ke gaban mutum ya rage na gefe da na baya, kuma wannan tsari ni’ima ne a wajen ciniki ko a majalisa. Amma a bakin titin Ikorodu, ko a kewayen gadar Pen Cinema, abin da zai kashe mutum akasari daga baya ko daga gefe yake zuwa, kuma kowa ya san yadda wasu masu babur da keke suke bin hannun da ba nasu ba. Wata rana da yamma ina dawowa gida na ji hon na babur, na tabbata a raina daga gaba yake, na ja da baya, sai madubinsa ya bugi gwiwar hannuna daga baya har ledar da nake riƙe da ita ta faɗi. Allah ya taƙaita abin a nan. Da na koma na ba da labari, sai aka saita mini tsari na biyu wanda yake ɗaukar sauti daga kowane ɓangare daidai, kuma yanzu da zarar na fito daga rumfa nakan danna maɓallin in koma kansa. Ba na tsallaka babban titi sai ta gadar masu tafiya a ƙasa ko da za ta ƙara mini tafiya, a titin jirgi kuma idona nake bi, ba na dogara da jin hon. Jiniyar motar asibiti ko ta jami’an tsaro har yau nakan ji ta ne ba tare da na san ta inda za ta ɓullo ba, don haka nakan tsaya cak a gefe har sai na gan ta.

A gida mun sauya wasu abubuwa, kuma su ne suka fi sauƙaƙa mini rayuwa alhali ba su ci ko kwabo ba. Idan na yi kira, yara sun koyi su ambaci wurin, su ce, “Baba, ina bakin famfo,” ko “Ina ɗakin Mama.” Yaran rumfa sun san su zagayo gabana kafin su yi magana, kuma idan baro yana tahowa sukan taɓa kafaɗata a ɓangaren da ya kamata in matsa. Idan muna tafiya da wani, nakan sa shi a damana. Laimar Legas da gumi suna lalata na’ura, don haka kowane dare nakan sa su a cikin ’yar gwangwanin da take tsotse danshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2021 fiye da mutum biliyan 1.5 suna rayuwa da wani mataki na raunin ji, kuma tun da na shiga cikinsu nakan gane su a masallaci da kasuwa ta yadda suke karkata kai, ko yadda idonsu yake yawo idan an kira su.

Ta haka na gane ɗan ƙanena, yaro ɗan firamare, wanda ya yi hangum yana ƙarami. Ana ta yi masa faɗa a gida da makaranta cewa ba ya mai da hankali, amma ni na lura cewa duk ta inda aka kira shi hagu yake waiwayawa, kuma idan ƙwallo ta faɗa bayan katanga ba ya iya nuna inda ta faɗi. Na ce wa mahaifinsa ya kai shi gwaji. Ya ce, “Yaya, ai yana ji, ko raɗa aka yi yana amsawa.” Na ce masa ni ma ina ji, kuma ya ga abin da ya same ni. Gwajin ya nuna kunnen dama ya mutu gaba ɗaya, na hagu kuma lafiyayye ne, kuma likita ya ce hangum sananne ne wajen kashe kunne ɗaya, kamar yadda sanƙarau da zazzaɓin Lassa da wasu allurai masu ƙarfi suke taɓa ji.

Halin yaron ya bambanta da nawa, domin ni ina da sauran ji a kunnuwa biyu wanda na’ura za ta ɗaga, shi kuwa babu abin ɗagawa a dama. Akwai na’urar da take ɗaukar sauti daga ɓangaren da ya mutu ta aika shi zuwa kunne mai lafiya, akwai kuma wadda take bi da shi ta ƙashin kai, kuma dukansu suna taimaka wa mutum ya ji wanda yake magana a mugun ɓangarensa. Sai dai tunda komai a kunne ɗaya yake ƙarewa, ƙwaƙwalwa ba ta samun abu biyu da za ta gwada, saboda haka ba sa dawo da sanin ɓangare. Abin da yake iya dawo da wani kaso nasa shi ne na’urar da ake dasawa ta tiyata a cikin katantanwar kunnen da ya mutu, wadda take taɓa jijiyar da lantarki kai tsaye, kuma ko ita ta fi isar da bambancin ƙarfi fiye da bambancin lokaci, ga kuma tsadar da ta fi ƙarfin gida irin namu. Abin da muka iya yi shi ne muka je wurin malaminsa aka mayar da shi layin gaba, a gefen da kunnensa na hagu yake fuskantar malamin da sauran ajin, aka daina dukansa a kan rashin amsawa, kuma aka hana shi tsallaka titi shi kaɗai. Ranar Asabar nakan ɗauke shi mu je bakin titi, in riƙe hannunsa, in sa shi ya duba hagu da dama da baya kafin kowane taku, ya gaya mini abin da ya gani ba abin da ya ji ba. Likitan ya ce a riƙa gwada kunnen hagun lokaci-lokaci, kuma a nisanta shi daga janareto da lasifikar biki, tunda shi kaɗai ya rage masa.